Atisayen ƙarfafa tsoka da fahimtar karatu a tsakanin matasa

Atisayen ƙarfafa tsoka, wanda matasa suka fi kira ɗaga ƙarfe, motsa jiki ne da ake sa tsoka ta yi aiki a kan wani nauyi, a maimaita, a huta, a sake, domin ta ƙara ƙarfi. Fahimtar karatu kuwa ita ce iya ciro ma'ana daga rubutu, wato abin da ake gwadawa a darasin auna fahimta. Masu bincike a fannin lafiya da nazarin halayyar ɗan'adam suna auna ko na farkon yana taimakon aikin ƙwaƙwalwa. Abin da aka samu shi ne ɗaga nauyi yana ɗan kyautata natsuwa da saurin tunani na wani lokaci bayan an gama, yana kuma gyara barci da yanayin zuciya idan aka ɗore a kai. Amfaninsa ga karatu ta wannan hanya yake biyowa, kuma ƙarami ne idan aka kwatanta shi da sanin harshe da yawan kalmomin da mai karatu ya mallaka. Batun ya shafi yankunan noma irin su Gwarzo da Kabo a yammacin jihar Kano, inda yawancin ɗalibai suke haɗa makaranta da aikin ƙarfi.

## Mene ne atisayen ƙarfafa tsoka

Ana raba motsa jiki gida biyu manya. Akwai atisayen juriya, kamar gudu, sassarfa, tuƙa keke da ƙwallon ƙafa, wanda yake sa zuciya da huhu aiki na tsawon lokaci. Akwai kuma na ƙarfafa tsoka, wanda ake yi a taƙaice da nauyi mai yawa. Nauyin yana iya zama ƙarfe, ko buhun yashi, ko roba mai miƙewa, ko jikin mutum kansa, kamar tsugunnawa da miƙewa, dogara hannuwa a ƙasa ana ɗaga jiki, ko rataya a sanda ana jan jiki sama. A unguwanni da yawa na Kano da garuruwan kewaye matasa kan haɗa nasu kayan, su zuba siminti a gwangwani biyu su soka ƙarfe a tsakiya, ko su yi amfani da tsofaffin ƙarafan mota.

Abin da ya mai da ɗaukar nauyi ya zama atisaye shi ne tsari. Ana ƙidaya sau nawa aka ɗaga, a huta minti ɗaya zuwa uku, a sake, sannan a ba tsokar kwana ɗaya ko biyu kafin a koma mata. Idan nauyin ya fara sauƙi sai a ƙara kaɗan. Wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, shi ne ya shigar da wannan tsari na ƙarin nauyi sannu a hankali cikin aikin asibiti a shekarar 1945, lokacin da yake jinyar sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga aikinsa ne aka samu ƙa'idar nan da ta yaɗu ta ɗagawa sau 10 har zagaye uku.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a shekarar 2020, ta ba da shawarar cewa masu shekara 18 zuwa 64 su yi atisayen juriya matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, su kuma yi na ƙarfafa manyan tsokoki aƙalla kwana biyu a mako. Ga masu shekara 5 zuwa 17, ta ce minti 60 a kullum, tare da abin da zai ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana uku a mako.

## Abin da fahimtar karatu ta ƙunsa

A shekarar 1986 Philip Gough da William Tunmer suka gabatar da wani bayani mai sauƙi da har yau malamai suke amfani da shi. Suka ce fahimtar karatu tana fitowa ne daga abubuwa biyu da ake ninkawa da juna: iya haɗa baƙi, da fahimtar harshen da aka yi rubutun da shi. Tunda ninkawa ce, idan ɗaya ya zama sifiri, sakamakon ma sifiri ne. Dattijon da yake gane kowace kalma ta labarin da aka karanta masa a rediyo amma bai iya haɗa baƙi ba, ba zai fahimci shafin jarida ba. Haka ɗalibin sakandare da yake rattaba Turanci da baki ba tuntuɓe, alhali bai san ma'anar rabin kalmomin ba, shi ma bai fahimta ba, ko da malami ya yaba masa. Wannan na biyun ya fi wuyar ganewa, domin kunne yana jin kamar karatu ake yi.

Bayan waɗannan biyu akwai abin da masana suke kira riƙon ɗan lokaci, wato ikon ƙwaƙwalwa na riƙe abu na 'yan daƙiƙoƙi tana aiki da shi. Rubutun Hausa na boko misali ne mai kyau, saboda ba a nuna karin sauti ko tsawon wasali a cikinsa. Idan mai karatu ya ci karo da kalmar “kuka”, bai san wadda ake nufi ba sai ya ga maƙwabtanta. “Kuka ya yi yawa a gidan” daban, “kuka ta yi yawa a miyar” daban, “abin da kuka ce” kuma daban. Dole ya riƙe kalmar a ransa har “ya” ko “ta” ta iso ta raba gardama. Mai karatu gwani yana yin haka ba tare da ya lura ba. Wanda ya gaji ko yake jin barci yakan kai ƙarshen jimla ya tarar farkonta ya zube, sai ya koma baya.

Meredyth Daneman da Patricia Carpenter sun nuna wannan a shekarar 1980 a Jami'ar Carnegie Mellon. Suka sa ɗalibai su karanta jimloli a jere suna riƙe kalmar ƙarshe ta kowace jimla. Waɗanda suka fi iya riƙewa su ne suka fi gane abin da suka karanta, har da gano wanda wakilin suna yake nufi idan an ambace shi can baya a sakin layi.

Akwai kuma sanin abin da ake magana a kai. A shekarar 1988 Donna Recht da Lauren Leslie suka ba yaran ƙaramar sakandare a Amurka labarin wasan besbol. Yaran da ba su da ƙarfi a karatu amma sun san wasan sun fi gwanayen karatun da ba su san shi ba iya maido da abin da ya faru. Saurayin Getso ko Garo da ya tashi cikin noman dawa zai fi ɗan birni saurin gane rubutu a kan huɗa da maimai, ko da ɗan birnin ya fi shi maki a Turanci.

Daga cikin waɗannan huɗu, atisaye ba ya koyar da baƙi, ba ya ƙara kalma, ba ya ƙara sani. Ƙofar da ta rage masa ita ce ta natsuwa da riƙon ɗan lokaci, kuma a nan masu bincike suka fi mai da hankali.

## Abin da bincike ya nuna

Gwaje-gwajen da suka fi ƙarfi an yi su ne a kan tsofaffi. A birnin Sao Paulo na Birazil, Ricardo Cassilhas da abokan aikinsa sun wallafa a shekarar 2007 cewa maza masu shekara 65 zuwa 75 da suka yi mako 24 suna ɗaga nauyi sun samu ci gaba a gwajin tuna abu, kuma wani sinadarin girma da ake kira IGF-1 ya ƙaru a jininsu. A shekarar 2010 Teresa Liu-Ambrose ta ba da rahoton gwajin mata 155 masu irin waɗannan shekaru a Vancouver ta Kanada. Bayan shekara guda, waɗanda suka ɗaga nauyi sau ɗaya ko sau biyu a mako sun fi sauran a gwajin Stroop. Wannan gwaji, wanda John Ridley Stroop ya bayyana a 1935, yana auna kame hankali: a rubuta kalmar “ja” da koriyar tawada, a ce mutum ya faɗi launin tawadar, ya ƙi bin abin da idonsa ya karanta.

Ƙwaƙwalwar ɗan shekara 70 tana kan gangara, saboda haka duk abin da ya tare gangarar yakan fito fili. Ta ɗan shekara 20 tana kusa da ƙololuwarta, babu gibi mai yawa da za a cike. Shi ya sa sakamakon matasa ya fi rauni, kuma ya fi saɓa wa juna.

A shekarar 2009 Yu-Kai Chang da Jennifer Etnier suka raba mutum 68 rukuni huɗu: waɗanda ba su ɗaga komai ba, da masu nauyi kaɗan, da matsakaici, da mai tsanani. Saurin amsa tambaya mai sauƙi ya ƙaru gwargwadon nauyin, amma a ayyukan da suke buƙatar sarrafa tunani matsakaicin nauyi ne ya fi, mai tsananin ya koma baya. A wannan shekarar dai, Matthew Pontifex da Charles Hillman a Jami'ar Illinois suka gwada matasa 21 a kan riƙon ɗan lokaci bayan minti 30 na gudu, da bayan minti 30 na ɗaga nauyi, da bayan zama kawai. Gudu ya ƙara musu sauri. Ɗaga nauyi bai ƙara ba.

Wani gwaji na shekarar 2014 a Cibiyar Fasaha ta Jojiya ya ba da sakamako mai ban sha'awa ta wani gefe. Lisa Weinberg da abokanta suka nuna wa matasa hotuna 90, sannan rabinsu suka yi atisayen miƙe ƙafa da iya ƙarfinsu, sauran kuma na'ura ce ta riƙa motsa musu ƙafar. Bayan kwana biyu, waɗanda suka yi aikin da kansu sun gane kimanin kashi 60 cikin 100 na hotunan, sauran kimanin kashi 50. A nan atisayen ya zo ne bayan koyo, wanda yake nuna yana iya taimaka wa abin da aka riga aka gani ya zauna. Sai dai hotuna aka gwada, mutanen kuma 46 ne kacal.

Da aka tattara irin waɗannan gwaje-gwaje wuri guda, hoton ya ɗan fito. Jan Wilke na Jami'ar Goethe da ke Frankfurt ya haɗa gwaji 12 a shekarar 2019, ya samu cewa zama ɗaya na ɗaga nauyi yana kyautata kame hankali da iya sauya tunani daga wani aiki zuwa wani, amma bai ga tasiri tabbatacce a kan riƙon ɗan lokaci ba. Jon-Frederick Landrigan da abokansa, da suka haɗa bincike 24 na atisaye mai ɗorewa, sun kai ga kusan wannan matsaya: akwai amfani ga sarrafa tunani, babu ga riƙon ɗan lokaci. Wannan abin lura ne, domin riƙon ɗan lokaci shi ne abin da Daneman da Carpenter suka nuna yana tafiya da fahimtar karatu.

Bincike mafi girma a kan matasa ya fito daga Suwidin, inda a da ake auna kusan kowane saurayi ɗan shekara 18 kafin aikin soja. Maria Åberg da abokanta suka duba bayanan maza fiye da 1,200,000 da aka haifa tsakanin 1950 da 1976. Rahotonsu na 2009 ya nuna cewa juriyar zuciya da huhu tana tafiya da maki mai kyau a gwajin basira, amma ƙarfin tsoka bai nuna irin wannan alaƙar ba.

Gwajin da ya auna karatu kai tsaye kuma aka fi ambatonsa shi ne na Hillman, shi ma a 2009, inda yara 20 'yan kimanin shekara tara suka fi ƙoƙari a gwajin fahimtar karatu bayan tafiyar minti 20 a kan na'ura. Tafiya ce, kuma yara ne. Duk wanda ya jingina wannan sakamakon ga saurayi mai ɗaga ƙarfe ya tsallake matakai biyu. A shekarar 2019 kuma wani kwamitin masana ƙarƙashin Amika Singh ya duba gwaje-gwajen motsa jiki a makarantu, ya ce hujja ta yi ƙarfi a kan lissafi, amma ba ta kai a yanke hukunci ba a kan karatun makaranta gaba ɗaya. Luis Ciria da abokansa a Jami'ar Granada ta Sifaniya sun ƙara yayyafa wa batun ruwan sanyi a 2023, da suka sake bin gwaji 109 suka nuna cewa amfanin da ake ambata yana raguwa ƙwarai idan aka yi la'akari da ƙanƙantar gwaje-gwajen da kuma yadda mujallu suka fi son buga sakamako mai daɗin ji.

## Hanyoyin da ake ganin amfanin yana bi

Nan take bayan atisaye, bugun zuciya da sinadaran farkarwa irin su adirenalin suna sama, mutum yana jin wartsakewa. Wannan yanayi ba ya daɗewa, yakan lafa cikin sa'a guda ko ƙasa da haka. Tsoka mai aiki kuma tana sakin wasu sinadarai cikin jini, masu bincike suna nazarin yadda suke shafar BDNF, wani furotin da yake taimaka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su rayu su ƙulla alaƙa da juna. Mafi yawan hujjar wannan ɓangare daga ɓeraye aka samo ta, kamar aikin Henriette van Praag na 1999 da ya nuna gudu yana ƙara sababbin ƙwayoyi a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tuna abu.

Hanyar da ta fi tabbata ba ta da wani asiri. Brett Gordon na Jami'ar Limerick ya haɗa gwaji 33 a shekarar 2018, ya samu cewa atisayen ƙarfafa tsoka yana rage alamomin ciwon damuwa, ko mutum ya ƙara ƙarfi sosai ko bai ƙara ba. Akwai kuma gwaje-gwajen da suka nuna yana gyara ingancin barci. Ɗalibin da ya yi barcin sa'a bakwai ko takwas, kuma zuciyarsa ba ta cunkushe ba, ya fi iya zama da littafi na minti 40 ba tare da ya ɗauki waya ba. Kalmomi kuma daga yawan zama da littafi suke taruwa.

## Gwarzo da Kabo

Gwarzo da Kabo ƙananan hukumomi ne maƙwabta, kuma mazaɓa ɗaya suke a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Garin Gwarzo yana kimanin kilomita 70 yamma da birnin Kano, a kan hanyar da ta wuce Dayi a jihar Katsina. A ƙidayar 2006 Gwarzo tana da mutum fiye da 180,000, Kabo kuma fiye da 150,000. Noma shi ne babbar sana'a: dawa, gero, masara, gyaɗa da wake. Matasan yankin da suka gama sakandare suna neman gurbi a manyan makarantun Kano, ciki har da Jami'ar Bayero wadda sabon mazauninta yake kan titin Gwarzo, da kuma babbar makarantar tarayya ta kimiyya da fasaha da aka kafa a Kabo. Kafin su shiga, sai sun haye jarrabawar WAEC ko NECO da ta JAMB, kuma a dukkansu Turanci dole ne, auna fahimta kuma yana cikinsa.

Gwaje-gwajen da aka ambata a sama an yi su ne a Amurka da Kanada da Turai da Birazil, galibi a kan mutanen da suke wuni a zaune. Saurayin Kutama ko Godiya da yake huɗa da garma, yana ɗaukar dami, yana faskare, yana tura kurar ruwa ko dakon buhu a kasuwa, ba daga nan ya fara ba. Haka budurwar da take surfe da daka da jan guga tun tana ƙarama. Tsokarsu ta riga ta sha aiki.

Sai dai aikin ƙarfi da atisaye ba abu ɗaya ba ne, kuma masana lafiyar ma'aikata sun daɗe da lura da haka. Andreas Holtermann na ƙasar Denmak da abokansa sun bayyana a shekarar 2018 dalilan da suka sa motsin jiki na wurin aiki ba ya ba da amfanin da na nishaɗi yake bayarwa. Aiki yana ɗaukar sa'o'i masu yawa, babu isasshen hutu a tsakani, ana maimaita motsi iri ɗaya, sau da yawa a sunkuye, kuma ma'aikaci ba shi yake zaɓar lokacin tsayawa ba. Atisaye minti 30 zuwa 45 ne, a tashi da sauran ƙarfi. Noman farko daga hantsi zuwa azahar kuwa, a dawo ne a zube. Abin da Chang da Etnier suka gani a ɗakin gwaji, cewa nauyi mai tsanani yana rage kaifin tunani mai zurfi, manomi ya san shi tun kafin a rubuta.

Kalandar ma ba ta taimaka ba. WAEC tana faɗowa a watannin Mayu da Yuni, NECO a Yuni da Yuli, daidai lokacin sharar gona da shuka da noman farko, kuma lokacin da rumbu ya fara ƙasa. Ɗalibin da yake gona da safe, yana jarrabawa ko bita da rana, yana karatu da fitilar waya da dare, abin da ya rasa hutu ne da abinci. Ƙara masa ɗaga ƙarfe a wannan lokaci babu abin da zai haifar sai ƙarin gajiya. Wanda shawarar kwana biyu a mako ta fi dacewa da shi shi ne ɗalibin makarantar kwana, ko wanda ya koma birni karatu ya bar gona, ko mai zaman shago da mai sana'ar waya, da kuma 'yan mata da yawa da motsinsu yake raguwa da zarar sun girma. A lokacin rani, bayan an kai amfanin gona gida, manomin ma yana shiga wannan sahu.

Al'adar yankin tana da nata atisayen. Kokawa da dambe wasannin kaka ne a ƙasar Hausa, ana yin su bayan girbi, lokacin da ciki ya cika kuma aiki ya lafa. Kokawa musamman, da riƙo da ɗagawa da turjiya, atisayen ƙarfafa tsoka ce cikakkiya, kuma a Jamhuriyar Nijar ta zama wasan ƙasa, inda ake gasar takobi tun 1975. Lokacin da magabata suka zaɓa mata ya yi daidai da abin da masana suke faɗa yanzu game da hutu da abinci.

Babbar matsalar karatu a yankin tana can wani wuri. Bankin Duniya ya ƙiyasta a shekarar 2022 cewa kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su gane shi. Yaron da yake magana da Hausa a gida da kasuwa da masallaci, sannan aka miƙa masa littafin Turanci kafin ya ƙware a haɗa baƙi da harshensa, ya gamu da ɓangarori biyu na lissafin Gough da Tunmer a lokaci guda. Saboda haka shirye-shiryen gyaran karatu a Arewa suka fara da Hausa. Shirin Mu Karanta ya yi aiki a Bauchi da Sakkwato, shirin RANA a Katsina da Zamfara, shirin KaLMA kuma ya fara a 2019 a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil na jihar Kano, inda ake raba yara gwargwadon abin da suka iya maimakon ajin da suke. Saurayin da wannan mataki ya wuce shi yana firamare, gyaransa shi ne ya koma ya cike gibin, ya yawaita karanta abin da yake iya ganewa, da Hausa da Turanci, yana hawa a hankali. Tsarin ya yi kama da na DeLorme: a fara da nauyin da za a iya ɗauka.

## Yadda ake haɗa su

Ga ɗalibi lafiyayye da ba ya aikin ƙarfi, abin da ya dace da hujjojin da ake da su shi ne zama biyu ko uku a mako, na minti 30 zuwa 45, da matsakaicin nauyi, ana taɓa ƙafafu da baya da ƙirji da kafaɗu, ba damtse kaɗai ba. A haɗa da gudu ko ƙwallo ko keke, tunda hujjar atisayen juriya ta fi ƙarfi. Wanda yake son cin moriyar wartsakewar da take biyo baya sai ya huta kaɗan, ya sha ruwa, ya buɗe littafi cikin sa'ar farko. Atisaye mai tsanani dab da kwanciya yana hana wasu barci.

A watannin Maris zuwa Mayu zafi a Kano yakan kai digiri 40, don haka sassafe ko bayan la'asar sakaliya ya fi. A watan azumi masu atisaye da yawa suna mai da shi bayan buɗa-baki, su kuma rage nauyi. Tsoka tana buƙatar abinci mai gina jiki, kuma wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, nono da ƙwai sun wadatar, ba sai an sayi garin gwangwani mai tsada ba.

## Haɗura

Raunin da aka fi samu shi ne na ƙugu da kafaɗa da gwiwa, yawanci saboda ɗaukar abin da ya fi ƙarfi don a burge abokai, ko kayan haɗin gida da gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko sikila, ko ƙaba, ya kamata ya ga likita kafin ya fara.

Haɗarin da ya fi shafar karatu shi ne na ƙwayoyi. Wasu masu aikin ƙarfi suna shan tiramadol don kada su ji gajiya, wasu masu gina jiki kuma suna yin allurar ƙara tsoka. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 a Najeriya, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da wata ƙwaya ba bisa ƙa'ida ba cikin shekara guda, kuma magunguna irin su tiramadol suna sahun gaba bayan wiwi. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Tiramadol yana kawo gyangyaɗi da ruɗewa, yana iya jawo farfaɗiya idan aka sha da yawa, kuma yana kama mutum. Allurar ƙara tsoka tana lalata hanta da zuciya, tana dagula barci da hali.

Dambe kuma ya bambanta da kokawa ta fuska ɗaya mai muhimmanci. Horon ɗan dambe yana gina jiki kamar kowane atisaye, amma bugun kai yana girgiza ƙwaƙwalwa. Tun a shekarar 1928 wani likitan Amurka, Harrison Martland, ya bayyana yadda 'yan damben da suka daɗe suna shan naushi suke samun rawar jiki da nauyin baki da raunin tunani. Bayan bugu ɗaya mai ƙarfi ma, mutum yakan yi kwanaki yana ciwon kai, haske yana damunsa, layukan rubutu suna haɗe masa. Likitoci suna ba da shawarar hutun kwana ɗaya zuwa biyu, sannan a koma karatu kaɗan-kaɗan, kuma kada a sake shiga fage sai alamomin sun gushe gaba ɗaya. Idan akwai amai, ko suma, ko ciwon kan yana ƙaruwa, asibiti za a nufa nan take.